Ziyarata a Beilstein, ƙauyen manoman inabi a bakin Kogin Mosel

A farkon watan Oktoba na shekarar 2024 na bar Zariya zuwa ƙasar Jamus domin in ziyarci ɗan yayata da ke karatu a birnin Koblenz. Tun kafin in tashi na shaida masa cewa manyan birane ba su dame ni ba, ƙauye nake so ya kai ni inda ake noma, domin ni malamin gona ne kuma cikin manoma na yi yawancin rayuwata. Ya ce da ni, "Kawu, ai kusa da mu akwai ƙauyukan da gonakinsu ke tsaye kamar bango, kuma daidai lokacin girbinsu za ka zo."

Neman biza ya fi tafiyar kanta cin rai. Na biya yuro 90 kuɗin biza, na yanki inshorar lafiya wadda dole ta kai ta yuro 30,000, na haɗa da wasiƙar gayyata da takardun banki, alhali a lokacin yuro ɗaya ta haura naira 1,700, don haka kowane abu da na saya daga baya sai da na lissafa shi da kuɗin gida a zuciyata. Na shiga mota zuwa Kaduna, muka tsaya a shingayen jami'an tsaro kamar yadda aka saba, na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, da dare kuma jirgin sama ya ɗauke mu daga Abuja, muka sauka Frankfurt da asuba. Jami'in shige da fice ya duba fasfona, ya tambayi wurin wa zan je da ranar da zan koma, ya nemi ganin tikitin dawowa, sannan ya buga hatimi. Wannan shi ne shinge na ƙarshe da na gani. Ko da yake tun tsakiyar Satumba na shekarar Jamus ta dawo da bincike a kan iyakokinta na ƙasa, a cikin ƙasar babu wanda ya tare ni in ban da mai duba tikiti a jirgi.

A Koblenz ne Kogin Mosel yake zubewa cikin Kogin Rhine, bayan ya taso daga duwatsun Vosges na Faransa ya yi tafiyar kilomita fiye da 540, ya ratsa ta iyakar Luksambag da birnin Trier. Bayan na huta na yi sallar Juma'a a wani masallaci da Turkawa suka fi yawa a cikinsa, sai ɗan yayata ya yankar mini ta waya tikitin wata na yuro 49, wanda ake hawa ƙananan jiragen ƙasa da motocin safa da shi ko'ina cikin ƙasar. Muka bi gefen kogin a jirgi ƙasa da sa'a guda muka isa Cochem. Daga nan layin dogo yakan rabu da kogin ya shige cikin dutse ta wata doguwar hanya mai tsawon kilomita huɗu da 'yan kai da aka haƙa tun shekarun 1870, shi kuwa kogin sai ya yi wani babban lanƙwaso ya zagaya dutsen. Ƙauyukan da ke cikin wannan lanƙwason jirgin ƙasa bai taɓa zuwa musu ba, kuma Beilstein na cikinsu. Motar safa muka shiga, ta kai mu cikin minti ashirin da wani abu, tafiyar kusan kilomita goma.

Ƙauyen ƙarami ne ƙwarai, mazaunansa kimanin 140 ne kawai, wato bai kai wata unguwa guda ta ƙauyukanmu ba. An matse shi tsakanin ruwa da dutse, ba shi da wurin faɗaɗa, shi ya sa gidajen suka hau kan juna, na ƙasa da dutse, na sama da katako da farin shafe, rufinsu kuma duk na baƙin falalen dutse. Lungunansa matsattsu ne an shimfiɗe su da duwatsu, wasu ma matakala ce zalla. Da rana tsaka muka isa, muka tarar da wurin cike maƙil da baƙi waɗanda jiragen ruwa da manyan motoci suka sauke, har na ce wa yaron anya wannan ƙauye ne ba kasuwa ba. Ya ce in bari yamma ta yi. Da jirgin ruwa na ƙarshe ya tashi wajen la'asar sakaliya, sai garin ya koma na masu shi, ba ka jin komai sai ƙararrawar coci da ƙugin ƙananan taraktoci masu sauko da inabi daga tudu.

Mun sauka a gidan wasu ma'aurata dattawa, manoman inabi, waɗanda suke ba da hayar ɗakuna kaɗan a saman bene, a kan kusan yuro 80 kowane dare mu biyu har da karin kumallo. Ɗakin tsaf yake, da bargo mai kauri da na'urar ɗumama ɗaki a jikin bango, tagarsa tana kallon kogin. Na nemi alƙibla da waya, ta faɗa kudu maso gabas, wajen dutsen. Rana ba ta fitowa a wannan lokaci sai kusan takwas saura, kuma hazo kan kwanta a kan ruwan har hantsi.

Tun a daren farko maganar giya ta taso, domin al'adarsu ce mai gida ya tarbi baƙo da kofin abin da ya noma. Na roƙi ɗan yayata ya gaya wa dattijon cikin ladabi cewa ni Musulmi ne, ba na sha, kuma ba zan sa hannu a tsinka ko matsa ba tunda na san inda amfanin zai ƙare, amma ina son in ga gonar in yi tambaya a kan ƙasa da shuka, in ya yarda. Bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fito da kwalbar ruwan inabi tsantsa wanda aka dafa aka rufe kafin ya fara tsami, ya ce wannan jikokinsa suke sha. Matarsa ce ta yi mini gargaɗin da ya fi amfani. Ta ce a wannan kaka zan ga ana sayar da wani farin abin sha mai gurɓi a kowace ƙofa, mai zaƙi kamar lemo, to kada zaƙin ya ruɗe ni, ya riga ya fara zama giya. Ta ƙara da cewa wainar albasa da ake ci da shi akwai naman alade a ciki, kuma miya da romo da dama a gidajen abincin yankin da giya ake dafa su, saboda haka in riƙa tambaya kafin in ci. Na gode mata ƙwarai, domin mutumin da bai san addininka ba amma ya tsaya ya kiyaye maka shi, ya yi maka babban karamci. Abincina a can ya zama burodi da cuku da ƙwai da zuma da safe, da dare kuma soyayyen kifi da dankalin Turawa, wanda farantinsa yakan kai yuro 20. In muna marmarin nama sai mu koma Cochem wurin masu gashin Turkawa. Ƙauyen ba shi da babban kanti, kuma ranar Lahadi kantunan sayayya a rufe suke ko a Cochem ɗin, abin da ya kamata baƙo ya sani tun ranar Asabar.

Washegari da hazo ya ɗaga, dattijon ya ɗauke mu zuwa gonarsa. Daga bakin kogi gonakin suna da kyan gani, layi-layi kore da ruwan ɗorawa, amma sai ka sa ƙafa a ciki za ka san abin da ake ciki. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarka ba ƙasa ba ce irin wadda muka sani, fale-falen dutse ne masu launin toka, sirara, masu ɓarewa, suna zamewa da kai duk taku. Na tsuguna na tona da hannu, sai da na kawar da duwatsu kusan kamu guda kafin na taɓa 'yar ƙasa mai laima. Da a gida wani ya nuna mini wannan wuri ya ce zai noma, da na ba shi shawarar ya nemi wani. Amma dattijon ya ɗauki dutse ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu, na ji shi da ɗumi ko da yake iskar da sanyi. Ya ce sirrin ke nan. Yankin yana can arewa sosai, inda zafi ke ƙaranci, dutsen ne yake shan rana ya riƙe, da dare ya sake wa shuka. Gangaren da ke fuskantar kudu yana karɓar hasken kai tsaye, kogin ma yana mayar da haske da ɗumi, ruwan sama kuwa ba ya kwanciya, yana bi ta tsakanin duwatsun, saiwar kuma tana bin sa mitoci cikin tsaguwar dutse. Tun zamanin Rumawa ake noman inabi a wannan kwari, kuma irin da ya fi yawa shi ne Riesling, mai ƙananan 'ya'ya kore masu ɗigo-ɗigo, wanda ba ya gaggawar nuna. Ya tsinko mini nono guda na ci, zaƙinsa mai ƙarfi ne amma da tsami a bayansa wanda ke tsaya maka a harshe.

A tsofaffin gonakin kowace kuranga da turkenta, an lanƙwaso rassa biyu an ɗaure su ƙasa sun yi siffar zuciya, domin mutum ya iya zagaya shukar ta kowane gefe a wurin da tsayuwa ma aiki ce. Daga sassabe da ɗauri cikin sanyin hunturu, zuwa rage ganye da bazara, zuwa girbi, kusan komai da hannu ake yi. Na ga masu girbi a durƙushe da almakashi, kowa ya kafa ƙafa ɗaya ƙasa ɗaya sama, suna yanke nonon suna cire ruɓaɓɓun 'ya'ya da bakin almakashin kafin su jefa a bokiti. Wani saurayi yana bi da babban kwandon roba goye a baya ana juye masa, in ya cika sai ya sauka a karkace, a hankali, ya juye a tirela ta saman kafaɗarsa ba tare da ya sauke ba. Inda gangaren ya fi tsanani akwai wani ɗan jirgi mai layi guda mai haƙora, da injin fetur da kujera ɗaya, yana hawa da mutum yana sauko da akwatuna. Feshin magani kuwa a wasu gangaren da jirgi mai saukar ungulu ake yi, manoma su haɗa kuɗi. Katangun da ke riƙe da matakan gonar an jera su da dutse ba siminti, kuma dattijon ya ce a zamanin iyayensa idan ruwa ya kwaso ƙasa da duwatsu zuwa gindin tudu, a kwando ake mayar da su sama.

Muka zauna a kan wata katanga na ce masa, ta bakin yaron, "Baba, wa zai karɓi wannan gona a bayanka?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya nuna mini wani fili dab da nasa wanda ƙaya da sarƙaƙiya suka rufe, turakunsa sun ruɓe sun kwanta. Ya ce na maƙwabcinsa ne da ya rasu, 'ya'yan suna birni, ba mai saye ko a kyauta. Nasa 'ya'yan ma aikin albashi suke yi, sukan zo taimako lokacin girbi su koma, kuma bai ga laifinsu ba. Aikin da hekta guda ke ci a gangare ya ninka na gonar fili sau da yawa, inda inji ke girbe komai cikin sa'o'i, amma mai sayen giya da yawa a tanki ba ya biyan wannan bambancin. Wanda ya tsira shi ne mai zubawa a kwalba da sunansa ya sayar wa baƙi hannu da hannu, ya kuma haɗa da hayar ɗaki. Ya ce gonar da aka yasar ba ita kaɗai take mutuwa ba, inuwarta da cututtukanta da aladun dajin da ke ɓuya a cikinta duk kan maƙwabci suke faɗawa, katangarta in ta zube kuma ta zubo wa na ƙasa. Gonakin inabi na yankin Mosel sun haura hekta 12,000 a wajen 1990, yanzu ba su kai 9,000 ba. Shekarar da na je ma ba ta yi musu daɗi ba, domin sanyi mai daskarewa ya ƙone tofo a watan Afrilu, ruwa ya yi yawa ya jawo ruɓa, kogin kuma ya yi ambaliya a watan Mayu.

Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin na san ta tun kafin in zo. A fadamun Kogin Galma na sha zama da dattawan da ke noman rake da tumatir da albasa, waɗanda 'ya'yansu suka koma acaba ko suka tafi Abuja da Legas, kuma amsar da suke ba ni ita ce wadda wannan Bature ya ba ni. Har matsalar gado iri ɗaya ce. A wannan yanki al'adarsu ta dā ita ce a raba gona tsakanin dukkan magada, har aka wayi gari mutum yana da layuka kaɗan nan, kaɗan can, a wurare barkatai. Abin da suka yi wanda mu ba mu yi ba shi ne, a ƙauyuka da yawa hukuma ta zauna da manoma aka auna filayen, aka ƙiyasta darajar kowanne, aka sake rabawa yadda kowa zai sami nasa a haɗe, aka kuma yanka hanyoyin tarakta a jikin tudun. Dattijon ya ce an sha rigima kafin a yarda, domin ba mai son rabuwa da inda kakansa ya dasa, amma ba don haka ba da shi ma ya daina tuntuni. A ganina wannan aiki ne da za a iya yi a fadamunmu ba tare da an taɓa haƙƙin magaji ko ɗaya ba, in akwai hukumar da manoma suka amince da ma'auninta. Inda muka fi su kuwa shi ne yawan hannu. Mu har yanzu ana samun matasan da za a kira aikin gayya ko ƙwadago a cikin gari, su kuwa masu girbin nasu yawanci 'yan ci-rani ne daga Romaniya da Poland, waɗanda ake biya aƙalla mafi ƙarancin albashin ƙasar, yuro 12.41 a sa'a a waccan shekara. Na gaisa da wata mata daga cikinsu lokacin cin abincin rana a bakin gona, ta nuna mini hoton 'ya'yanta a waya, ta ce da kuɗin kakar nan take gina ɗaki a garinsu.

Da yamma mukan zaga gari. A jikin wasu gidaje na bakin ruwa an zana layuka da shekaru masu nuna inda ambaliya ta kai, kuma layin Disamba na 1993 ya wuce kaina nesa. Mai masaukinmu ta ce idan aka yi shelar ruwa na tafe, kowa ya san aikinsa, a kwashe kayan ƙasa zuwa bene, a ɗaure tankuna, in ruwa ya janye a wanke laka tun ba ta bushe ba, kuma 'yan kwana-kwanan da ke taimakawa 'yan sa-kai ne daga cikin ƙauyukan. A dandalin kasuwa akwai tsohon gidan da ake tara ushirin amfanin gona ga masu mulki. Daga nan matakala 108 ke hawa zuwa cocin 'yan zuhudu, inda ake ajiye da wani baƙin mutum-mutumi na Maryamu wanda aka ce sojojin Sifaniya ne suka bari. Sama da wannan akwai kufan fadar zuriyar Metternich, wadda sojojin Faransa suka rushe a 1689, kuma daga wannan zuriya ce Klemens von Metternich ya fito, wanda aka haifa a Koblenz ya zama babban ministan Ostiriya. Na biya 'yan yuro na hau hasumiyar, daga can na ga lanƙwason kogin gaba ɗaya da ƙauyen Ellenz-Poltersdorf a tsallake, inda ƙaramin jirgin fito ke kai mutane da kekunansu. Bayan fadar, cikin itatuwa, akwai maƙabartar Yahudawa. Tun farkon ƙarni na 14 aka ba su izinin zama a garin, suka yi ɗaruruwan shekaru a cikinsa, ginin wurin ibadarsu yana nan tsaye a wani lungu, amma al'ummar babu ita.

Wata rana muka je Bremm domin ganin Calmont, gangaren da ake ƙidaya shi cikin mafi tsanani a gonakin inabi na Turai, wanda a wasu wurare ya kai digiri 65. Akwai hanyar ƙafa a jikinsa mai tsani na ƙarfe da igiyoyin riƙewa. Na bi ta ɗan nesa, gwiwoyina suka fara rawa, na zauna ina kallon wani mutum da ya girme ni yana aiki a ƙasa da ni hankali kwance. A wasu matakan da aka daina noman inabi sun dasa wani irin ɗan itace mai jan ciki da suke kira fic ɗin gonar inabi, kuma matan ƙauyukan suna dafa shi da sukari su zuba a kwalba, na sayi biyu na kawo tsaraba.

A jirgin ruwa muka koma Cochem, tafiyar kusan sa'a guda, muka bi ta madatsar Fankel, inda aka rufe mu cikin wani dogon ɗaki na kankare aka rage ruwan a hankali har jirgin ya sauka daidai da na gaba. An gina waɗannan madatsu ne lokacin da Jamus da Faransa da Luksambag suka haɗu suka gyara kogin domin manyan jiragen kaya, aikin da aka buɗe a 1964. Ɗan yayata ya tuna mini cewa bizar da ke cikin fasfona ma sunan wani ƙauyen manoman inabi take ɗauke da shi, wato Shengen na Luksambag, a bakin wannan kogin can sama, inda aka sa hannu a yarjejeniyar buɗe iyakoki a cikin jirgin ruwa a 1985. Lokaci bai ba mu damar zuwa can ba. Kafin mu rabu da masu masaukinmu, matar ta ce duk wanda zan turo ya zo tsakanin Mayu da Oktoba, domin daga Nuwamba jiragen baƙi suna tsayawa, yawancin masaukai da gidajen abinci suna rufewa har bazara, mijinta kuma yana komawa tudu da almakashinsa ya fara sassaben shekara mai zuwa.